Kujerar Hannun Dama

Wai wani shugaban ƙasa ya naɗa ministoci arba'in, kowace jiha da nata, kowa kuma ya dage sai ya zauna dab da hannun damansa. Aka kirawo Jatau kafinta.

Shugaba ya ce, "Ƙera min teburin da zai ba kowa wannan kujerar, ko ka kwana a kurkuku."

Jatau ya zaro tef ɗin awo. "An gama, ranka ya daɗe. Na damanka ai shi ke fita ya amsa wa talakawa in ba ruwa ba wuta. Wa zan fara aunawa?"

Ministoci kowa ya koma kallon takalminsa.

Jatau ya naɗe tef. "To, ranka ya daɗe, ko in jera su a bayanka?"