Mutumin da Ya Sa wa Makaranta Kwaɗo

Ya 'yan uwa, ku ba ni aron kunnuwanku.

An yi wani mutum a wani ƙaramin garin manoman taba a nan kudancin ƙasar Amurka, a shekarun da kotu ta ce a daina raba 'ya'yan baƙar fata da na farar fata a makarantun gwamnati. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya riga ya tafi inda suna ba ya ceton kowa.

Farar fata ne, yana da kantin kayan noma a bakin babban titi: iri, taki, igiya, ƙusa, sarƙa. Ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba, bai taɓa tauye wa kowa awo ba. Ranar Lahadi shi ke buɗe ƙofar coci. Yana da mata, Lurleen, da ɗa guda ɗaya tak, Delmer. Saboda ganin mutuncinsa aka sa shi cikin kwamitin makarantun garin.

Abu ɗaya ne ke cin zuciyarsa kamar gara, shi ne girman kai. Ya yarda Allah ne ya halicci kowa, amma a ransa yana ganin ba da yumɓu ɗaya aka yi su ba.

Da umarnin kotu ya iso, sai maza suka riƙa taruwa a kantinsa, suna kewaye murhu suna tofar da yawun taba. Wata rana Purvis mai aski ya dube shi ya ce, "To dattijo, sai mu ce barka. Ɗanka zai zauna benci ɗaya da ɗan mai wanke maka mota. Wa ya sani, ko suruka ma za a kawo maka daga can."

Aka fashe da dariya. Fuskarsa ta yi jawur. Ya buga teburin kanti ya ce, "Muddin ina numfashi, ba a garin nan ba."

Aka tafa masa, aka yi ta dukan kafaɗarsa. Bai taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba.

A zaman kwamiti shi ya kawo shawara: tunda ba a yarda a raba ba, a rufe makarantun duka, ta fararen da ta baƙaƙen. Aka amince. Da hannunsa ya ciro sarƙa da kwaɗo daga kantinsa, ya je ya ɗaure ƙofar makaranta, jama'a na masa kirari.

Akwai wata mata baƙar fata, Ozella, wadda ta daɗe tana yi musu wanki. Ta zo ta ƙofar baya kamar yadda ta saba, riƙe da hannun ƙaramar 'yarta Verna. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan yanzu ta fara haɗa baƙi. Ina zan kai ta?"

Ya ce, "Ozella, ba laifina ba ne. Kotu ce ta jawo muku."

Ta ce, "Kotun ce ta sa kwaɗon, ranka ya daɗe?"

Daga ranar ya sallame ta daga aiki.

Ya 'yan uwa, wanda ya toshe rijiya don kada maƙwabcinsa ya sha, shi daga ina zai ɗebo?

Fararen gari masu hali suka buɗe wa 'ya'yansu makarantar kuɗi a zauren coci. Nan aka kai Delmer. Shi kuwa Delmer yaro ne mai nauyin kai, karatu ba ya shigarsa da wuri. A tsohuwar makaranta akwai wata malama da takan zauna da shi bayan an tashi, tana bin sa a hankali har ya gane. Da aka rufe makaranta sai ta nemi aiki a wata jiha, ta tafi. A sabon wurin babu mai wannan haƙuri. Aka mayar da shi abin dariya. Ya daure, ya daure, rannan ya ajiye littattafai ya ce shi ya gama, zai kama aiki a injin yankan katako.

Lurleen ta ce wa mijinta, "Baban Delmer, ka sa baki a buɗe makarantar nan. Yaron nan bai isa aikin katako ba."

Ya ce, "In na janye yanzu, da wane ido zan kalli mutane?"

Kun ji tambayar da ta halaka shi. Bai tambayi kansa da wane ido zai kalli Mahaliccinsa ba.

Wata safiya da hantsi ana sauke gumagumai daga babbar mota, igiya ta tsinke. Delmer na tsaye a ƙasa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mata sun cika gida da kwanukan abinci, Lurleen ta sami mijinta a kicin shi kaɗai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da hantsi ne fa. Da makaranta na buɗe, a wannan lokacin yana aji."

Ba ta sake yi masa maganar ba. Da kaka ta yi, ta ce za ta je wurin 'yar uwarta ta huta kwana biyu. Ya kai ta tasha da kansa. Ba ta dawo ba.

Shekaru suka wuce, makaranta na kulle, ciyawa ta cinye filin wasa. Daga ƙarshe kotu ta tilasta aka buɗe, yara baƙaƙe da farare suka shiga ta ƙofa ɗaya. Sama ba ta faɗo ba.

Sai iska ta juya. Mutanen da suka tafa masa suka fara jin kunyar abin da aka yi, suka nemi wanda za su ɗora wa. Da kunnensa ya ji Purvis na gaya wa wani baƙo a shagon aski, "Mu fa ba mu ce a rufe ba. Ga mai kwaɗon can, je ka tambaye shi."

Aka daina taruwa a kantinsa. Matasa sun riga sun kwashe iyalansu sun bar garin, ciniki ya mutu. A coci aka ba wani makullin ƙofa, babu wanda ya gaya masa dalili. Yakan zauna a bencin da ya saba, gefensa na dama babu kowa, na hagu babu kowa. Ya koma gida ya ɗumama wake da gurasar masara, ya ci a tsaye, don zama a teburin nan mai kujeru uku ya fi ƙarfinsa.

Amma Allah mai jinƙai ne, ya aiko masa da dama har cikin kanti.

Wata rana wata mata baƙar fata ta shigo, da jariri a kafaɗa. Ta ɗauki gwangwanin maganin ƙwari ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Yallaɓai, karanta mini yadda ake haɗa shi. Ina da yara a gida, kada in yi kuskure."

Ya ce, "Ai ga shi nan a rubuce."

Ta ce, "Na gani. Ni ce Verna, 'yar Ozella. Ka fi kowa sanin abin da ya sa ban iya ba."

Kalma ɗaya ce ta rage masa, ya 'yan uwa. Ta taso har maƙogwaronsa, ya ji ɗacinta. Matar ta tsaya tana jira, ba ta yi gaggawa ba. Sai ya sa tabarau ya karanta mata: cokali kaza a ruwa kaza, a nisanta da yara. Ta ce ta gode, ta fita.

Ba ta sake shigowa ba. Ba da daɗewa ba kantin ma ya rufe.

Tsufa ya same shi a barandar gidansa, a kan kujera mai lilo. Babu mai zuwa, babu mai kira. Motar makaranta kan wuce ta ƙofar gidan safe da yamma, cike da yara iri-iri suna ta surutu. Su ba su san ko shi wane ne ba. Tsoho kawai suka gani, sai suka riƙa ɗaga masa hannu. Bai taɓa mayar musu ba, amma kullum yana fitowa kafin lokacin.

A kan kujerar nan ajali ya same shi. Mota ta wuce da safe, yara suka ɗaga masa hannu. Ta dawo da yamma, suka sake ɗagawa. Sai washegari wata yarinya ta ce wa direba, "Tsohon nan tun jiya bai motsa ba." A duk garin, su kaɗai ne suka lura.

Ya 'yan uwa, wannan mutum bai yi sata ba, bai ɗaga wa kowa makami ba. Ƙofa kawai ya rufe. Amma ƙofar ilimi ce, kuma a fuskar yara ya rufe ta, don launin da ba su suka zaɓar wa kansu ba. Wanda ya raina fatar mutum, aikin wa ya raina? Duk daga Adamu muke, Adamu kuwa daga ƙasa.

Ku kuma kula da masu tafi. Taron da ya zuga ka ka yi zalunci ba zai raka ka kabari ba, ko ƙofar gida ba zai raka ka ba. In kuwa ka cuci wani, Allah ya kawo shi gabanka da rai, kada ka haɗiye kalmar. Ka ce, "Na yi laifi, ka yafe mini," tun harshe na motsi.

Allah ya kiyaye mu da girman kai. Allah ya kiyaye mu da tafin da ke kai mutum ga halaka. Ya sa hannuwanmu su zama masu buɗe wa 'ya'yan mutane ƙofa, ya ba mu ikon neman gafara kafin rana ta faɗi. Amin.