Lantana Mai Kitso da Gashin Gimbiya Badi'atu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljannu ba su daina cin kasuwa ɗaya da mutane ba, an yi wani ƙasaitaccen sarki a Birnin Dulluwa mai suna Hamdanu, wanda mulkinsa ya miƙe tun daga bakin kogi har gindin duwatsun gabas. Sarkin nan yana da dakaru masu sulke da kwalkwali, amma waɗanda suka fi tsare masa gari wasu mata ne da ake kira Kunnuwan Sarki. A cikinsu akwai masu tallar fura da ungozomomi da masu kitso, suna shiga ko'ina ba mai ce musu kanzil, su kwaso abin da suka ji su kai wa shugabarsu, wata tsohuwa da ake kira Uwar Kunne, ita kuma ta isar ga sarki. Maza kuwa, Allah ya shirye su, in sun ga mace da ƙwarya a ka sai su ci gaba da ƙulla makircinsu kamar ba kowa a wurin.

Ana nan sai masifa ta faɗo wa gidan sarauta. Ɗan sarki tilo, Yarima Junaidu, ya wayi gari yatsun ƙafarsa sun zama dutse, dutse na gaske wanda in an ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara, kuma kullum abin hawa yake yi. Malamai suka yi rubutu, masu magani suka yi jiƙe-jiƙe, duk a banza. Da dutsen ya kai gwiwa sai bokan fada, wani mai jan ido da ake kira Zarmagu, ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki, na buga ƙasa na gani. Maganin Yarima yana Birnin Sansabila, a kan Gimbiya Badi'atu 'yar sarkin garin. Akwai wani aljani Marƙabu da ke tsaron birnin tun zamanin kakanninta, alkawarinsa kuwa a ɗaure yake da gashin 'ya'ya mata na gidan. A samo mini gashinta ko cikin tafi ɗaya, ni kuwa in sa aljanin ya warware ciwon nan. Ita ko ciwon kai ba za ta yi ba."

To, wane uba ne zai yanko gashin 'yarsa ya miƙa wa bokan wani gari? Sarki ya san roƙo ba zai yi ba, sai ya kira Uwar Kunne. Ita kuwa ba ta yi dogon tunani ba ta zaɓi Lantana.

Lantanar nan mai kitso ce, doguwa, mai sanyin hannu da daɗin baki, wadda ta shiga gidajen sarakuna da dama ta fito da asirinsu ba a ko tambayi sunanta ba. Takan yi alfahari da cewa duk wanda ya ɗora kai a cinyarta sai bakinsa ya buɗe. Ba ta taɓa jin kunyar aikinta ba, don a ganinta mutanen da take wa leƙen asiri ba su wuce kawunan da take tsagawa ba. Uwar Kunne ta ce mata, "'Yar nan, ran Yarima na hannunki. Ki je ki dawo, kada ki bar zuciyarki a can." Lantana ta yi dariya ta ce, "Iya, yaushe na taɓa?"

Ta ɗauki kibiyar kitso da mataji da ɗan tandun man shanu, ta bi ayari ta ƙetare daji da rairayi har ta iso ƙofar Sansabila. Nan ta tarar da Marƙabu zaune a kan ganuwa, ƙafafunsa na jan ƙasa, kansa na gogar gajimare, kuma duk baƙon da ya yi masa ƙarya nan take harshensa ke bushewa. Ya sunkuyo ya ce, "Ke bil'adama, me ya kawo ki?" Ta daure ta ce, "Ni mai kitso ce, na zo neman kan da zan kama." Aljani ya shinshina iska ya ce, "Gaskiya kika faɗa, ko da yake kin rage. Shige."

Ba a daɗe ba labarin hannunta ya kai fada, aka kira ta kan Gimbiya. Sai dai abin bai zo mata da sauƙi ba, saboda al'adar da kowace mace ta sani: in an gama tsifa da taza da kitso, sai a tattara gashin da ya zube, a dunƙule a damƙa wa mai shi, ita ta san inda za ta binne, don kada ya faɗa hannun mugu. A gidan Gimbiya kuwa abin ya wuce haka. Kuyangi sai sun kakkaɓe tabarma, sun duba mataji, sun duba har zanen mai kitso, sannan Gimbiya ta tafi ita kaɗai gindin wata bishiyar lalle ta tona ta rufe da hannunta.

Lantana ta zauna jiran dama, a cikin jiran nan kuwa abin da Uwar Kunne ta ji tsoro ya faru. Badi'atu marainiya ce, uwarta ta rasu tun tana goye, ta tashi cikin kuyangi masu durƙusa mata amma ba mai yi mata hira. In ta kwantar da kai a cinyar Lantana sai ta yi ta zuba, ta faɗi tsoronta da mafarkinta, su yi dariya har kibiya ta faɗi. Da zazzaɓi ya kwantar da Lantana, Gimbiya da kanta ta dama mata kunu, ta zauna tana yi mata fifita, kuyangi na kallo baki sake. Da ta warke sai ga akushin tuwo da sabon zane an aiko mata, alamar neman ƙawance kamar yadda mata ke yi, ita kuma ta rama da turare da lalle. Daga ranar Gimbiya ta hana ta cewa ranki ya daɗe.

Wata rana da hantsi, bayan an gama kitso an tattara gashi, sai Gimbiya ta sallami kuyangi, ta kama hannun Lantana ta sa dunƙulen a ciki, ta ce, "Ƙawata, tun da nake ban taɓa barin kowa ya binne mini ba. Yau ke za ki binne, don ki san matsayinki a wurina."

Kai, jama'a! Da sata Lantana ta yi da dabara, da ta fi samun sauƙi a ranta. Ta je gindin lalle ta tona rami, ta tsaya tana kallonsa, ta tuna da Yarima da dutse ke ci, ta tuna boka ya ce ko ciwon kai ba za a yi ba. Ta rufe ramin ba komai a ciki, ta ƙulle gashin a haɓar zanenta. Da ta dawo Gimbiya ta tambaye ta, "Kin binne?" Ta ce, "An rufe ramin." Ba ta iya ɗaga ido ba, kuma kafin la'asar ta bi ayari ta bar garin ba sallama.

A Dulluwa aka tarye ta da guɗa. Sarki ya yi mata kyautar tufafin alharini da awarwaron zinariya, maroƙa na ta wasa ta, ita kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kayan nan ko warware su ba ta yi ba.

Boka ya karɓi gashi ya zari sili ɗaya ya jefa a wuta, wai gwaji. Yarima bai ji sauƙi ko kaɗan ba, dutse ma har ya kai ƙugu. Kwana kaɗan sai ga wata mai tallar kanwa, ɗaya daga cikin Kunnuwa, ta iso daga Sansabila da labarin cewa Gimbiya ta yanke jiki ta faɗi, hannunta ɗaya ya shanye, kuma a cikin magagin ciwo ba sunan da take kira sai na ƙawarta, tana tambaya ko an gan ta, ko wani abu ne ya same ta a hanya. Lantana na jin haka ta shige ɗaki ta rufe fuska da zane ta yi kuka mai isarta. Sili ɗaya ke nan, ina ga sauran?

Ana cikin haka boka ya aiko a kira ta. Ashe tsafin ba ya cika sai an kitsa gashin a cikin tukkun kansa, kuma sai hannun da ya ɗauko ne zai kitsa. Ta je da rana tsaka, ya miƙa mata dunƙulen, ya kife fuska a cinyarta. Ta shafa mai, ta tsaga, ta fara jan tukku a hankali, ba ta tambaye shi komai ba. Shi kuwa gogan naka da ya ji sanyin hannu, sai abin da ke samun kowa ya same shi. Ya yi miƙa ya ce, "Ke mai kitso, ja da kyau, kan sarkin gobe kike kamawa. Wa kike tsammani ya mai da ƙafar yaron can dutse? In na kira Marƙabu da gashin nan, tsafi zai tsotse mai gashin ƙarƙaf, aljani ya zama bawana, garuruwan nan biyu su dawo tafin hannuna. Ke ma ba zan manta da ke ba."

Lantana ta ce, "Allah ya kai mu." Ta ci gaba da jan tukku. Ta san mai kwance a cinya ba ya ganin abin da ke faruwa a ƙeyarsa, sai ta tura gashin Gimbiya cikin ɗankwalinta, ta kama nata ta fizgo cikin tafi guda, hawayen zafi na zubo mata, ta kitsa shi tsaf a cikin tukkun. Ta ji da kunnenta abin da tsafi zai yi wa mai gashin, amma ta ga gara mutuwa da ta sake jin an ce Badi'atu na kiran sunanta.

Washegari aka taru a ƙofar fada, aka ɗauko Yarima a kan gado. Boka ya tuɓe hula, ya kama tukku ya yi surkullensa, ya ƙwala wa Marƙabu kira. Guguwa ta turnuƙe, ƙasa ta yi girgiza, sai ga aljani tsaye a kan jama'a. Nan take Lantana ta zube, gashin kanta ya kakkaɓe gaba ɗaya, jikinta ya fara sanyi. Marƙabu ya sunkuya ya shinshini tukkun boka, ya daka tsawa ya ce, "Kai la'ananne! Da gashin mai kitso kake kiran mai tsaron Sansabila? Ba ni da alkawari da wannan gashi, amma ina da hukunci a kan wanda ya ƙona na uwargijiyata." Ya sure shi da yatsu biyu ya yi sama da shi, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tafiyarsa ke da wuya tsafinsa ya warware, dutsen ƙafar Yarima ya farfashe ya zube, numfashin Lantana ya dawo, amma gashinta bai sake tsirowa ba.

Da ta faɗa wa sarki abin da boka ya furta, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na aika a cuci 'yar mutane saboda nawa ɗan. Wannan abin kunya ne a kaina da gidana." Lantana ta ce, "Ranka ya daɗe, kai aikawa ka yi. Ni aka damƙa wa a hannu."

Ta koma Sansabila da ƙafa. Ta shiga har gaban Gimbiya, wadda ta fara tashi zaune, ga ubanta ga fadawa. Gimbiya na ganinta ta miƙo hannu da murna, sai Lantana ta durƙusa daga nesa, ta zare ɗankwali kowa ya ga kanta, ta ajiye dunƙulen gashi a ƙasa ta ce, "Ranki ya daɗe, ni 'yar leƙen asirin Sarkin Dulluwa ce. Don gashin nan na zo garinku, kika ba ni amana na ci. Ciwon da kika yi ni ce sanadinsa." Dogarai suka zare takubba, Gimbiya ta hana su. Ta janye hannunta a hankali, ta juya fuska ga bango, ba ta ce uffan ba. Wallahi da sara aka kai wa Lantana da ya fi mata wannan shirun.

Bayan haka Sarki Hamdanu ya tafi da kansa ya nemi gafara, Yarima na biye da shi, aka ƙulla amana tsakanin biranen biyu. Junaidu da Badi'atu suka ga juna suka daidaita, iyaye suka sa albarka, aka ɗaura aure, aka yi shagalin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Lantana kuwa ta ajiye aikin Kunnuwa, ta kulle kanta a gida, ko leƙe ba ta fito ba.

Ranar da aka kawo amarya Dulluwa, da aka iso ƙofar gidan Yarima sai ta tsaya cak ta ƙi shiga. Aka yi lallashi, aka yi tayin kyautai, ta ce ita ba ta taɓa ganin amaryar da ta shiga ɗaki ba ƙawa ba. Uwar Kunne ta je ta jawo Lantana, ta zo tana harɗe ƙafa, idonta a ƙasa, ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, ban cancanta ba."

Gimbiya ta ɗaga lulluɓi ta dube ta, idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Na sani. Ban kuma ce na gama yafe miki ba, wannan sai a hankali. Amma a duk garin nan ba wanda na sani sai ke. Tashi ki riƙe mini hannu, tsoro nake ji."

Lantana ta tashi ta kama hannun, suka shiga tare, mata na guɗa, ita tana kuka. Nan labarin ya tsaya, Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.