Wankan Jego a Tsakanin Taurari

Masu hikaya sun ce an yi wani malamin kimiyya, Malam Haladu, mutumin kirki, sai dai Allah ya jarrabce shi da son gyara abin da ba a ce ya gyara ba. Matarsa Saude tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma marubuciya ce. Labaranta duk na mutanen da suka bar duniya ne a jirgi suka nufi taurari. Kullum bayan la'asar takan karanta masa abin da ta rubuta, shi kuwa duk duniya ba abin da yake so kamar wannan zaman.

Ran nan ta karanta masa babin da shugabar jirgi ta fara naƙuda, mata suna shawarar yadda za a yi mata wankan jego a inda komai ba shi da nauyi, ruwa ma ba ya zuba ƙasa. Malam ya yi dariya ya ce, "Haba Saude, cire wannan. Ana cikin kimiyya kin koma zancen mata."

Saude ta rufe littafinta, daga ranar kuwa karatu ya ƙare. Ba a fasa ba shi tuwo ba, gaisuwa ba ta ragu ba, amma la'asar ta zame masa miya ba gishiri.

Yana zaune ya yi tagumi, sai tsohuwar kyanwar gidan ta yi miƙa ta ce, "Maigida, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka tuna mini da wani sarki da jirginsa."

Kewa ta ishi Malam har bai tsaya mamakin kyanwa mai magana ba. Ya ce, "Yaya suka yi?"

Kyanwa ta ce, "To, ga labarin Sarki da Babban Jirgi. Fari ya cinye ƙasar wani sarki, ya sa aka sassaƙa jirgin da zai ƙetarar da jama'arsa teku, tafiyar shekaru masu yawa. Masana suka auna iska, suka auna zurfin ruwa, suka ware ɗakin makamai da na dawakai. Da aka gama, sai gwaggon sarki ta zaga jirgin da sandarta ta ce, 'Ɗan nan, a ina za a haihu?' Fadawa suka tuntsire da dariya. Ta bari suka gama, sannan ta ce, 'Ku saurari labarin Taron Shamuwa.'

"Gwaggo ta ce, wata shekara shamuwoyi suka taru don shirya ƙaura mai nisa. Mazan suka yi ta bayani a kan fiffike da iska, har ba wanda ya kai su sanin tashi. Wata mace ta tambaya a kan wace bishiya za a yi ƙwai idan an isa, aka ce ta yi shiru ana maganar ilimi. Suka tashi gwanin sha'awa, suka sauka a wani fili fetal, ko kara babu balle reshe. Aka zuba ƙwai a ƙasa, dila ya yi biki. Gwanayen suka tsufa ba wanda ya gaji gwanintarsu. Gwaggo ta dubi sarki ta ce, 'Wanda ya san tashi bai san ƙwai ba, iliminsa tare za a binne su.'

"Sarki ya sunkuyar da kai, ya sa aka rage ɗakin makamai aka yi ɗakin haihuwa da murhunsa. Shi da fadawansa duk a teku suka rasu. Waɗanda suka taka sabuwar ƙasa, a ɗakin nan aka yanke musu cibi."

Kyanwa ta lashe hannunta ta ce, "Kai da kake koya wa yara nisan taurari, ka fi ni sanin wanda ya tashi ba shi zai isa ba. To, wane babi ne ya fi wannan zama kimiyya?"

Malam ya ji kunya ta rufe shi, ya kuma ji son matarsa ya taso masa sabo. Ya ce, "Wallahi kin yi gaskiya. Na raina abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kansa ba."

Ya tashi ya sami Saude a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Na yi kuskure, ki yafe mini. Kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Idan mai jego ta tsoma ganye a ruwan zafi ta fyaɗa a jikinta, ina ɗigon zai tafi? Ai yawo zai yi ta yi a ɗakin, ya manne mata a hanci, ko ya ƙona jaririn."

Saude ta ɗago kai ta dube shi, tana danne murmushi. Ta ce, "Nan ne ni ma na maƙale, Malam. Ranar nan kai na so in tambaya."

Ta ture faifan gefe ta ce, "Jawo tabarma ka zauna. Tun ranar da ka yi dariya na bar baiwar Allah tana naƙuda, ko ruwa ba a ɗora mata ba."