Alfadarin Madugu Nomau da Shawarar Masana

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi da gara ta ci gefensa cewa an yi wani birni mai suna Tafkin Manda, wanda mutanensa ba su da sana'a sai dafa gishiri. Dafa gishiri sai da gawayi, gawayin kuwa daga kurmi ɗaya yake fitowa, kurmin da idon ruwan birnin ke ɓuɓɓugowa a gindin itatuwansa.

A birnin akwai Zauren Masana, inda sarki ke neman shawara. Shugabansu Malam Sidi dattijo ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Al'adar zauren ita ce masani ba ya mallakar abin hawa, don kada duniya ta shagaltar da shi. In zai fita bincike, sai mai hali ya ara masa. Mai ara musu shi ne Madugu Nomau, attajirin gawayi, kuma bai taɓa ce musu ku faɗi kaza ba.

Ana nan sai wata attajira mai suna Yalwa ta sauka a bayan gari da manyan madubai na tagulla, waɗanda ta ce suna tara rana a gindin tukunya har ta tafasa. Madugu kuwa ya roƙi a ba shi sauran kurmin ya sare. Sarki Mainasara ya umarci masana su duba duka biyun. Suka yi ta fita a kan alfadaran Madugu, suka dawo da murya ɗaya: kurmi cike yake, tukunyar Yalwa kuwa ko ɗumi ba ta yi.

Sarki ya ce, "Na ji, ya ku malamai. Amma zuciyata na gaya mini akwai wanda ya fi kowa magana a shawararku, alhali bai buɗe baki ba. Ku nemo mini shi kafin Juma'a. In babu shi, zato ne kawai nake yi, sai gatari ya shiga kurmi."

Abin ya dami Malam Sidi. Ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya, bai sami maƙaryaci ba. Ran nan da tsakar rana barci ya sace shi a zaure. Sai ya ga kurmin yana rataye a sama kamar hadari, ganye na zuba a hankali, kowanne in ya taɓa ƙasa sai ya zama toka. Ga kuma alfadarin da ya saba hawa, zaune a kan buzu kamar malami.

Alfadarin ya ce, "Allah gafarta Malam, zauna ka ji. An yi wani baƙo da ya so sanin girman wani tafki, ya hau jakin mai ɗiban ruwa. Jakin ya kai shi inda yake sha kullum, wuri mai zurfi da sanyi. Baƙon ya koma gida yana rantsuwa tafki ba zai ƙafe ba. Bai yi ƙarya ba, Malam. Jakin ma bai yi ba."

Malam Sidi ya ce, "To kai, ina kake kai ni?"

"Inda na sani mana. Kuma sai na gama dakon gawayi ake kawo ni ƙofarku. Ka taɓa ganina da hantsi?"

Malam Sidi ya farka yana salati. Washegari da safe ya ɗauki sandarsa ya fita da ƙafa, abin da shugaban zaure bai taɓa yi ba. Ya bar hanyar gabas da alfadarai ke bi, mai inuwa da kukan tsuntsaye, ya zaga ta yamma. Can ya tarar da kututture iya ganinsa, idon ruwan kuma ya koma kamar zare. Ya isa wurin Yalwa rana na tsaka, ba da yamma lis ba kamar yadda suka saba. Tukunya na tafasa, babu ko hayaƙi.

Yalwa ta ce, "Haba Malam, da tsufanka a ƙasa? Ga raƙumina, kullum ya ɗauko ka."

Ya ce, "Raƙumin naki yana fita ranar da gari ya yi hadari?"

Ta yi dariya ta ce, "A irin wannan ranar, hutawa yake yi."

"To na gode, 'yata. Ƙafata ta ishe ni."

Ran Juma'a ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na same shi. Alfadarin aro ne. Shi ya zaɓa mana hanya, shi ya zaɓa mana lokaci, mu kuma muka faɗi abin da muka gani." Ya kwashe labari duka, har da ranakun hadari da madubai ba sa aiki.

Madugu Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa sa musu magana a baki ba!"

Sarki ya ce, "Ba ka sa ba, Madugu. Ba ka ma buƙaci sawa ba."

Nan take ya hana saran kurmi, ya ce a dafa gishiri da rana duk ranar da ta fito, a bar gawayi na busassun itatuwa don kwanakin damina. Ya sa aka ba zauren dabbobin hawa daga baitulmali, ya kuma kafa doka: duk masanin da zai yi magana a fada, sai ya fara faɗin wanda ya ɗauke shi, da hanyar da aka bi da shi. Malam Sidi kuwa aka yafa masa alkyabba, aka ce idon ruwan ya ci sunansa.

Mai littafin ya rufe da cewa: idan masani ya gaya maka abin da ya gani, kada ka tsaya ga tambayar ko mai gaskiya ne. Tambaye shi wa ya kai shi wurin.