Gonar da Ke Tsakanin Manyan Gidaje Biyu

Akwai wani manomi wanda gonarsa take tsakanin manyan masu gida biyu, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Kowannensu yana da shanu da barori da yawa, kuma tun zamanin iyayensu suke gaba a kan wani mashaya. Amma masu wayo ne, ba wanda ya taɓa yarda a yi faɗan a gonarsa. A gonar manomin nan ake haɗuwa, a yi ta doke-doke, shanu su tattake shuka, kowa ya koma gida ya ci tuwo. Shi kuwa ya bi yana tsintar karyayyun kara.

Shekaru suka yi ta wucewa har manyan nan suka gaji. Barorinsu sun jikkata, rumbunansu sun ragu, kowa a ransa yana so a daina. Sai dai a garin, wanda ya fara tuɓe takalmi a zauren ɗan'uwansa, shi ake cewa ya zo roƙo. Don haka sai aike kawai ake yi, kuma duk saƙon da ya tashi da laushi, kafin ya isa ya yi ƙaya.

Damina ta kawo kai. Iri kaɗan ne ya rage wa manomin, ya kuma san in aka tattake na bana, sai ya kwashi iyalinsa ya bar ƙasar ubansa. Abin ya dame shi ƙwarai, ya yi addu'a, sa'an nan ya yanke shawarar kiran gayya. Ya je wurin na gabas ya roƙe shi ya zo ya taya shi huɗa, bai kuwa ɓoye masa ba cewa zai gayyaci na yamma ma. Haka ya yi wa na yamma. Kowannensu ya ce a ransa, in bai je ba, za a ce gonar ta koma ƙarƙashin wancan. Girman kan da ya hana su zuwa zauren juna, shi ya kawo su gonar talaka da sassafe.

A wurin gayya ba a zuwa da sanda, sai garma, kuma mai gona ne yake nuna wa kowa kunyarsa ta huɗa, ba a musu da shi. Sai manomin ya sa manyan nan biyu kafaɗa da kafaɗa a tsakiyar gonar, daidai inda aka fi yin faɗa. Na gabas ya kai sara, garma ta dawo masa kamar ya sari dandamali. Na yamma ya gwada, shi ma haka. Suka yi ta gumi, kunya ɗaya ta gagare su.

Na gabas ya ɗago ya ce, "Malam, me ya sami ƙasarka haka?"

Manomin ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafafun shanunka ne da na maƙwabcinka. A nan nake neman abincin 'ya'yana."

Da aka kawo abinci, akushi ɗaya aka ajiye musu bisa ga al'ada, suka ci suna kallon ƙasa. Can na yamma ya ce daga yau har a yi girbi, ba saniyarsa ko baransa da zai taka wurin nan. Na gabas ya ce shi ma haka. Ba su gaisa hannu da hannu ba, ba su kuma taɓa maganar mashaya ba. Amma manomin ya yi shuka, geronsa ya nuna, iyalinsa suka zauna a gidansu.

Ma'anar misalin nan ita ce: manyan masu gida su ne manyan ƙasashe masu daɗaɗɗen yaƙi, gonar kuwa ita ce ƙaramar ƙasar da ake gwabzawa a cikinta. Sau da yawa sun gaji, kunyar a ce sun sunkuya ce take hana su. Mai sulhu shi ne wanda ya nema musu wurin zama inda ba wanda za a yi wa dariya, ya kuma sa su taɓa ɓarnarsu da hannunsu. Kada mu rena tsagaitawar damina ɗaya, gama a cikinta ne talaka yake samun abin ci. Mu yi musu addu'a.

Amma kada mu tsaya ga na nesa. Ubangijinmu bai jira mu fara zuwa ba, shi ya sauko wurinmu tun muna gaba da shi. Kai da kake gaba da ɗan'uwanka, kana cewa faɗan naku ne ku biyu, ka waiwaya ka duba wanda yake tsakaninku. Wataƙila tsohuwar da ta haife ku ce, tana gaishe ka, tana gaishe shi, ba ta kuma taɓa gaya wa ɗayanku abin da take sha ba.