Keken Gwaggo Tabawa

Ku gyara zama ku kasa kunne, don wannan labari ba na dariya ba ne. Nawa faɗa, naku yanke hukunci.

A wani gari da ke bakin gulbi an yi wata tsohuwa mai ɗinki, ana ce mata Gwaggo Tabawa. Tun da ta fara sana'a ba ta taɓa sa almakashi a sabon yadi ba. Ragowar gwanjo take saye, abin da masu zaɓe suka tsallake: tsohon labule, zanen gado, rigar wani ƙato da babu mai cika ta. Ta farke, ta wanke, ta fitar da rigunan yara da rigar matashi da majanyin goyo. Dukiyarta a duniya biyu ce, baƙin keken ɗinki na ƙafa, da jikarta Azumi, wadda uwarta ta rasu ta bar ta tana wata huɗu.

Da yanar ido ta fara rage wa tsohuwa gani, har zare ya daina shiga allura, sai ta jawo mata uku na unguwa suna taya ta, kowacce da 'ya'yanta suna wasa a gindin keke. Gwaggo kuwa Allah ya ba ta zuciya mai kyau, bai haɗa mata da baki mai daɗi ba. Kowaccensu tana da laifin da take shan faɗa a kansa kullum.

Lantana ce mai zuwa kasuwa zaɓen kaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Laifinta son launi mai ihu. Ran nan ta dawo da wani labule ruwan goro, mai haske har ido ya yi yaji, ga yaga a tsakiyarsa. Gwaggo, duk da yanar idonta, ta ce, "Ke Lantana, wannan ko makaho ya gan shi! Wa zai sa wa ɗansa wutar daji?" Aka rasa mai so, dole aka ce a yi wa Azumi majanyi da shi.

Shekara ce mai hawa keke. Mijinta ya tafi ci-rani damina huɗu ke nan, ba saƙo ba labari, ga tagwaye. Laifinta ɓarnar zare. Ba ta bin layi sau ɗaya, sai ta bi, ta juyo, ta danne. Da ta zo haɗa ɓari biyu na labulen nan, sau uku ta bi tsakiyarsa, don ta ce tsohon yadi munafuki ne, yana dariya yana ruɓewa. Gwaggo ta ce, "Zaren nan a gulbi ake kamo shi? Majanyi na ce ki ɗinka, ba sirdi ba."

Yalwa ce mai farka da yanka. Mijinta yana nan da rai, amma shanyewar jiki ta kwantar da shi, ita ke ci da shi da yara biyu. Laifinta tara shara. Ko ƙyalle kamar yatsa ba ta zubarwa, sai ta tsaga shi, ta tufka, ta ƙulla da na jiya. Wai darduma za ta saƙa, amma shekara uku tana tufka ba ta fara saƙa ba, igiyar tsumma ta cika buhu biyu a bayan ƙofa. Gwaggo ta sha rantsewa sai ta cinna wa buhunan nan wuta.

Ana nan, marka ta kankama. Wata Talata da hantsi Gwaggo ta goya Azumi da majanyin nan, ta ɗauki ƙunshin rigunan yara za ta kai ƙauyen da ke hayi. Tana tsakiyar fadama, cikin itatuwan giyayya, ta ji ruri daga gabas. Kafin ta yi taku goma ruwa ya kai mata ƙugu. Ta rungumi wata giyayya ta haye reshen ƙasa. Ta san hannunta na tsufa ba zai daɗe ba, kuma in ta tafi da yarinya a bayanta, tare za su tafi. Sai ta kwance goyo, ta ƙulle bakin majanyi a reshen sama da yarinya a ciki, ta ce, "Allah, ga amanarka." Ba a jima ba ruwa ya fizge ta, ya gangara da ita, ya watsar da ita a gindin tudun da mutanen gari suka gudo.

Da ta farfaɗo aka tambaye ta wace bishiya ce. Ta ɗaga ido, ba ta ga komai ba sai hazo. Giyayya ta fi ɗari a fadamar nan, ruwa ya mai da su duk iri ɗaya. Tsohuwar da ba a taɓa ganin hawayenta ba ta fashe da kuka, ta ce, "Na rantse da Allah, duk wanda ya fitar min da yarinyar nan, kekena nasa ne!"

Mutane suka yi ta dube har azahar. Sai Lantana ta nuna wani ɗigo can nesa cikin ganye. Maza suka ce leda ce iska ta maƙala. Ta ce, "Ba leda ba ce. Labulen nan ne, ni na ɗauko shi a dilar gwanjo da hannuna, na sha zagi a kansa. Ko a lahira na gan shi na san shi."

An san bishiya, amma kwale-kwale biyu na gari ruwa ya tafi da su. Gambo masunci ya ce zai shiga in akwai igiya. Aka haɗa ta guga da ta ɗaurin shanu, ko rabi ba su kai ba. Sai ga Yalwa tana jan buhunanta, waɗanda ta kwaso daga gida bayan ta fitar da mijinta, mutane na cewa ta zare. Aka warware, aka ninka biyu, aka ɗaura wa Gambo a ƙugu. Ta kai, har da saura.

Sai da la'asar ta yi sanyi aka jawo shi, Azumi a kafaɗarsa, muryarta ta dushe amma tana numfashi. Ya shimfiɗa majanyin a gaban jama'a. Yadin ya tsage ta ko'ina don nauyi da jiƙa, ya zama kamar raga. Layin Shekara ne kaɗai bai motsa ba, kuma a kansa yarinya ta wuni tana reto. Da aka tuna masa rantsuwar Gwaggo, Gambo ya ce, "Ni da keke sai kallo, Gwaggo. Ba ni na gan ta ba, ba ni na riƙe ta ba, kuma ba don igiya ba da ban tsoma ƙafa ba. Ki nemi mai shi a cikin 'ya'yanki."

Ruwa ya janye ya bar unguwar ba gida ko ɗaya a tsaye. Keken ya tsira, don matan nan uku ne suka ɗauko shi a ka zuwa tudu. Zama kuwa ya ƙare. Lantana za ta gabas wurin wanta, Shekara za ta arewa gidan iyayenta, Yalwa za ta kudu da mijinta a kan amalanke. Wadda ta tafi da keke za ta ci da 'ya'yanta da guminta. Sauran biyu za su je zaman jiran abin da aka sam musu. Keke kuma in aka raba shi uku, ƙarfe ne kawai.

Ranar rabuwa Gwaggo ta zauna da Azumi a cinya, tana shafa kan keken. Baƙin ciki ya cika ta, ga kunya, don abubuwa ukun da ta fi tsangwama su suka dawo mata da jikarta. Ta ce, "Ku yafe min bakina, 'ya'yan nan. Na rantse, magana kuwa zarar bunu ce. Ku faɗa min, wa zan ba?" Lantana ta sunkuyar da kai. Shekara ta gyara goyon da bai kwance ba. Yalwa ta juya ta dubi amalanke. Babu wadda ta ce a ba ni, kuma babu wadda ta iya cewa a ba 'yar'uwata, don kowacce ɗanta na riƙe da gefen zanenta.

To jama'a, rana tana yi, masu tafiya suna jira, hannun tsohuwa yana kan keke. Mai idon da ya gane, ko mai igiyar da ta kai, ko mai ɗinkin da ya riƙe, wace ce a cikinsu za a ɗora wa keken nan a ka?