Sabbin Soket a Gidan Iya Tasalla

Ku gyara zama ku ji abin da ya sami Iya Tasalla a Malumfashi, don ni har yau in na tuna sai jikina ya mutu.

Tsohuwar nan ba ta da komai a duniya sai gidan da mijinta Malam Bawa ya rasu ya bar ta a ciki. Wayoyin lantarkin gidan tun yana da ƙarfinsa aka ja su, kuma ta silin ɗin ɗakinsa suka bi. Ɗakin kuwa tun rasuwarsa ta kulle, ita kaɗai ke shiga ta share.

'Yarta Sahura ta ga hayaƙin murhu na neman cinye wa uwarta ido, sai ta aiko mata da risho na lantarki da firji da butar dafa ruwa.

Babban ɗanta Haladu ya ga ko soket ɗaya babu a kicin, ya ɗauko mai gyaran wuta. Mutumin ya ce sai ya hau silin tukuna, ya duba ko tsofaffin wayoyin za su iya ɗaukar kayan nan. Iya ta fashe da kuka ta ce, "Haladu, ina raye ƙato zai taka gadon ubanka ya fasa masa ɗaki?" Haladu ya kasa jure hawayenta, ya ce a sa soket ɗin a jona haka nan kawai.

Sai autanta Mudi, sarkin karambani. Kullum aka kunna risho sai fiyus ya tsinke, Iya ta zauna tagumi gaban ɗanyen tuwo. Tausayinta ya kama shi, ya cire siririyar wayar fiyus ɗin ya ɗaura mai kauri wadda ba ta tsinkewa. Har albarka ta sa masa.

Wata Juma'a, maza duk suna masallaci, wayar silin ta yi zafi ta kama da wuta. Matan maƙwabta suka ciccibo Iya waje tana turjewa. Kafin a idar da salla ɗakin Malam ya zama toka, sauran gidan ya bi.

Yanzu tana raɓe a gidan ƙanwarta, abinci ma sai an matsa mata. 'Ya'yan kan zo su durƙusa, kowa na cewa shi ya jawo, ita kuwa sai ta juya musu baya. Wallahi abin tausayi, ba wanda ya nufe ta da sharri a cikinsu.

To ku faɗa mini, da wadda ta aiko kayan, da wanda ya hana a duba waya, da wanda ya ɗaure fiyus, wa ya raba Iya Tasalla da gidanta?